FEROKSISOM: ƊAN ƘARAMIN ƊAKI MAI BABBAN AIKI

 A filinmu na kimiyya na wannan fitowar za mu yi bayani ne a kan wani abu da yake jikin kowannenmu, yake kuma cikin gyaɗar da muke ci da ganyen bishiyar da muke shan inuwarta, amma ido ba ya ganinsa sai da na'ura. Sunansa feroksisom. Sunan yana da ɗan nauyi a baki, to amma ku daure, kafin ku kai ƙarshe zai zame muku kamar sunan maƙwabci.

Bari mu fara da tambayoyi uku. Me ya sa in an zuba ruwan nan na kemis da muke kira haidirojin a kan rauni sai ya yi ta kumfa, amma in an zuba shi a kan lafiyayyar fata ba ya yin komai? Me ƙwayar gyaɗa take ci a cikin ƙasa kafin ta fid da ganye? Me ya sa kuma gero da dawa suke jure zafin ƙasarmu, alkama kuwa sai an jira sanyi? Amsoshin nan uku duk ta ƙofar ɗaki ɗaya suke bi, shi ne wanda za mu leƙa yau.

ƘWAYAR HALITTA KAMAR GIDA CE

Jikin mutum, da na akuya, da na bishiyar mangwaro, duk an gina su ne da wasu 'yan ƙananan tubala masu rai da ake kira ƙwayoyin halitta. A jikin baligi guda akwai sama da tiriliyan 30. Kowace ɗaya ku ɗauke ta kamar gida irin namu na Babban Giji. Tana da katanga da ƙofa, wato tantanin da ya kewaye ta. Tana da turaka, inda ake ajiye rubutattun umarnin gado, ita ce ake kira nukiliyas. Tana da injinan ba da wuta, su ne maitokondiriya, masu mayar da abinci ya zama ƙarfi. In ta tsiro ce, tana da wasu korayen ɗakuna da ake kira kulorofilas, inda ake haɗa sukari da hasken rana.

To a kowane gida akwai aikin da dole ne a yi shi, amma yana da hatsari. Girki dole ne, wuta kuwa ba ta da amana. Shi ya sa ba a hura murhu a tsakar ɗakin kwana. Sai a ware masa madafa, a kuma ajiye bokitin ruwa kusa. Feroksisom shi ne irin wannan madafa a cikin ƙwayar halitta. A cikinsa ake yin ayyukan da suke fitar da guba, a cikinsa kuma aka ajiye maganin gubar. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe rabin darasin.

SIFFARSA

Feroksisom ɗan ƙunshi ne, yawanci a mulmule kamar ƙwallo. Faɗinsa daga kashi ɗaya bisa goma na maikuromita ne zuwa maikuromita ɗaya. Maikuromita kuwa shi ne a ɗauki milimita ɗaya ta jikin rularku a raba ta gida dubu. Ke nan in aka jera masu matsakaicin girma guda 2,000, sannan za su cika milimita ɗaya.

Bangonsa tantani ɗaya ne tak. Nan ya bambanta da maitokondiriya da kulorofilas, waɗanda suke da tantani biyu-biyu. Haka kuma waɗancan biyun suna da ɗan kundin gadonsu na kansu, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. A cikinsa akwai inzayim sama da iri 50. Inzayim wani nau'in furotin ne mai hanzarta aiki, kamar yadda ɗan yisti yake tayar da ƙullin fanke. Wani lokaci inzayim ɗin sukan yi yawa har su dunƙule a tsakiya, su zama kamar ɗan ƙanƙara.

Tun da ba shi da kundin kansa, duk ma'aikatansa daga waje ake ƙera su a aiko masa. Yaya suke gane ƙofarsa a cikin wannan babban gida? Yawancinsu suna ɗauke da wani ɗan adireshi a wutsiyarsu, kamar na bayan ambulan. Yadda aka gano adireshin abin sha'awa ne. Kun san maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da daddare lokacin damina? Tsakanin 1987 da 1989 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a Amurka suka sa inzayim ɗin da ke ba shi haske a cikin ƙwayoyin halittar dabba, sai suka ga ya miƙe kai tsaye ya shige feroksisom. Da suka yi ta gutsure shi suna dubawa, sai suka tarar 'yan tubala uku na ƙarshen wutsiyarsa su ne adireshin.

Yawansa kuma ba a tsaye yake ba. Ƙwayar halittar hanta guda tana da ɗaruruwa. In aiki ya ƙaru sai su yi tsawo, su tsinke gida biyu, su ƙara yawa. In aiki ya ragu sai ƙwayar ta rushe waɗanda ba ta bukata.

YADDA AKA GANO SHI

A shekarar 1954 wani ɗalibin digirin digirgir a ƙasar Suwidin mai suna Johannes Rhodin yana duba ƙodar ɓera da babbar na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki, sai ya ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo da ba a san su ba. Ya ba su suna mai ma'anar ƙananan jikkuna, ya wuce.

Wanda ya tono aikinsu shi ne Christian de Duve na Jami'ar Luben a ƙasar Beljiyam. Dabararsa ta yi kama da ta mai yin gasara. Kun ga in an niƙa gero an tace an ajiye, mai nauyi yakan kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama. Shi ma haka ya riƙa niƙa hantar ɓera, ya zuba a injin da ke juyawa da gudun tsiya, kowane sashe ya kwanta gwargwadon nauyinsa. A wani sashe ya tarar da abu biyu zaune wuri ɗaya: inzayim masu haifar da haidirojin feroksaid, da kuma inzayim mai rushe shi. A 1965 ya raɗa wa ɗakin suna feroksisom, daga sunan wannan ruwa. A 1974 aka ba shi kyautar Nobel tare da Albert Claude da George Palade saboda ayyukansu a kan sassan ƙwayar halitta.

GUBA DA MAGANINTA A ƊAKI ƊAYA

Ruwan da muke sha, kowane ƙwayarsa haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya. Haidirojin feroksaid kuwa haidirojin biyu ne da oksijin biyu. Wannan ƙarin oksijin ɗaya shi ne fitinar, domin ba ya zama lafiya, duk abin da ya taɓa sai ya nemi ƙona shi. Wani Bafaranshe, Louis Jacques Thénard, shi ya fara haɗa shi a 1818. Haske ma yana rushe shi, shi ya sa kuke ganin ana sayar da shi a kwalba mai duhu.

Abin mamaki, jikinmu da kansa yana yin wannan ruwa dare da rana. Duk lokacin da feroksisom ya sassara kitse ko wani abu da oksijin, haidirojin feroksaid ne yake fitowa, kamar yadda hayaƙi yake fitowa daga murhu. In da zai taru ya malala cikin gidan, da ya lalata tantani da furotin har da kundin gado. To a nan ne babban ma'aikacin ɗakin yake shigowa, wato katales, wanda Oscar Loew ya ba shi wannan suna a 1900. Katales yakan kama ƙwayar haidirojin feroksaid biyu, ya mayar da su ƙwayar ruwa biyu da iskar oksijin ɗaya. Guda ɗaya tak yana iya rushe miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuma bai ƙare ba.

Ga amsar tambayarmu ta farko ke nan. Saman fata matattun ƙwayoyi ne, katales yana ɓoye a ciki. Da an yanke, jini da fasassun ƙwayoyi sun fito da shi fili, sai ya far wa ruwan kemis ɗin. Kumfar da kuke gani iskar oksijin ce take tserewa. Amma ku lura da wani abu saboda jarrabawa: jajayen ƙwayoyin jini suna da katales mai yawa, sai dai nasu a sake yake, don ba su da feroksisom. A hanta da ƙoda ne yake zaune a ɗakinsa.

Akwai ma mutanen da ake haifa ba su da katales. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Jafan, Shigeo Takahara, ya ba da rahoto a 1948 cewa ya zuba ruwan a gyambon bakin wata yarinya, bai ga kumfa ba, sai jinin ya koma baƙi-baƙi. Da yawa daga masu wannan hali suna rayuwarsu lafiya, domin jiki yana da wasu inzayim da suke kama wa katales aiki.

GWAJI: GANI YA KORI JI

Wannan gwaji sai tare da malami ko wani babba a gida. Ku nemi ɗanyar hanta ɗan yanki daga wajen mahauci a kasuwar Tarauni, da kofin gilashi uku, da kwalbar haidirojin ta kemis. Ku zuba ruwan kamar cokali biyu a kowane kofi. A na farko ku jefa ɗanyar hanta. A na biyu ku jefa hantar da aka dafa ta dahu sosai. A na uku ku jefa yankakken ɗanyen dankalin Turawa.

Na farko zai taso da kumfa nan take. Na biyu zai yi shiru, don zafi ya lalata katales, kamar yadda ƙwai in ya dahu ba ya komawa ruwa. Na uku zai yi kumfa amma a hankali, wannan ya nuna muku tsirrai ma suna da shi, sai dai bai kai na hanta ba. In malam ya kunna tsinken tsintsiya ya hure shi, ya kara jan garwashin a bakin kumfar, za ku ga ya ƙara haske, wani lokaci har ya sake kamawa. Wannan ita ce shaidar oksijin. Kada ku rufe kofin, kada ruwan ya taɓa ido, kada kuma wani ya kai shi baki.

AIKINSA A JIKIN MUTUM DA DABBA

Kada ku zaci kashe guba kaɗai ne aikin ɗakin nan. Ga wasu manyan ayyukansa.

Na farko, faskaren kitse. Ƙwayoyin kitse kamar sarƙa suke. Maitokondiriya tana ƙona gajeru da matsakaita, amma masu tsawo ƙwarai, masu kabon 22 ko fiye, ba sa shiga murhunta. Sai feroksisom ya zama mai faskare, ya daddatsa su, sannan ya miƙa mata. Akwai kuma wani kitse mai rassa da ake samu a nono da man shanu da naman dabbobi masu tuƙa, shi ma sai feroksisom ya fara sare shi.

Na biyu, rufin jijiyoyi. Kun ga wayar lantarki da robar da ta rufe ta? Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ma suna da irin wannan rufi na kitse, mai sa saƙo ya yi gudu bai ɓata a hanya ba. Wani muhimmin kitse na wannan rufi a feroksisom ake fara ƙera shi.

Na uku, ruwan maɗaciya. Hanta tana yin wannan ruwa don narkar da maiƙon abinci, kuma matakin ƙarshe na haɗa sinadaransa a feroksisom ake yi.

Na huɗu, kare ƙoda. A feroksisom na hanta akwai inzayim mai sauya wani sinadari kafin ya rikiɗe ya zama tsakuwa. Wanda aka haifa ba shi da wannan inzayim yakan yi fama da tsakuwar ƙoda tun yana yaro.

ABINCIN ƘWAYAR GYAƊA

Yanzu mu koma gona. Kano da gyaɗa tsohuwar zuma ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 cinikinta ya bunƙasa, har aka riƙa tara buhuna ana yin dala, kafin fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su durƙusar da harkar. Abin da Turawa suke nema a wancan lokaci mai ne, kuma duk mai yin ƙuli-ƙuli ta san kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne. To amma ba don mu gyaɗa ta tara man ba. Guzuri ne ta yi wa ɗanta.

In aka shuka ta ruwa ya jiƙa ta, ɗan tsiron yana cikin duhu, ba ganye, ba hasken rana. Yana bukatar sukari don ya yi saiwa ya yi kara, mai kuwa ba ya tafiya a jijiyoyin tsiro. Sai feroksisom na cikin ƙwayar su yawaita, su daddatsa man, su bi da shi ta wata hanya ta musamman har ya zama abin da za a haɗa sukari da shi. Hans Kornberg da Hans Krebs ne suka gano wannan hanya a 1957 a cikin ƙwayoyin bakteriya. A 1967 kuma Harry Beevers da abokin aikinsa Breidenbach suka gano a Amurka cewa a cikin irin zurma mai tsirowa, a wani ɗan ɗaki ake yin aikin. Suka kira shi gilayoksisom. Daga baya aka tabbatar feroksisom ne ya sa rigar aiki ta daban.

Ku lura da bambanci biyu a nan. Mu mutane jikinmu yana mayar da sukari ya zama kitse, amma ba shi da wannan hanya ta mayar da sarƙar kitse ta koma sukari. Sannan a jikin dabba faskaren kitse raba shi aka yi tsakanin feroksisom da maitokondiriya, a tsiro kuwa kusan dukkansa a feroksisom ake yi. Riɗi, da waken suya, da angurya, da agushi, duk da wannan dabara suke tsirowa. Wannan na cikin dalilan da suka sa irin gyaɗa da aka ajiye a wuri mai zafi da laima yake saurin mutuwa: man yakan lalace, tantanin ɗakunan ya raunana. Shi ya sa manoma suke ajiye iri da ɓawonsa a busasshen wuri, sai dab da shuka a ɓare.

GANYE, ZAFI DA GYARAN KUSKURE

Da tsiro ya fito ya yi kore, feroksisom sai ya sauya aiki. A 1968 Edward Tolbert da abokansa a Jami'ar Jihar Mishigan suka nuna abin da yake yi a cikin ganye.

Ganye yana shaƙar iskar kabon dayoksaid ya haɗa sukari. Inzayim ɗin da ke kama iskar sunansa rubisko. Sai dai rubisko yana da wani rauni, yakan yi kuskure ya kama oksijin a maimakon kabon dayoksaid. In hakan ta faru sai a sami wani gurɓataccen abu mai hana aiki. Kuskuren kuma yana ƙaruwa in zafi ya tsananta, musamman in ganye ya rufe ƙofofin numfashinsa don kada ruwa ya ƙare masa.

Tsiro ba ya zubar da abin. Ɗakuna uku ne suke haɗa hannu su gyara, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kulorofilas ya miƙa wa feroksisom, shi ya sauya shi, haidirojin feroksaid ya fito, katales ya kashe shi nan take. Daga nan a miƙa wa maitokondiriya, ta dawo da shi feroksisom, shi kuma ya mayar wa kulorofilas. In aka duba ganye da na'ura akan ga ɗakunan uku manne da juna kamar shagunan layi ɗaya. Da wannan zagaye ake ceto kabon uku daga cikin kowane huɗu. Amma gyaran yana cin ƙarfi, har tsiro yakan yi asarar kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ya tara, a tsananin zafi ma fiye da haka.

Shinkafa, alkama, wake, gyaɗa, auduga da tumatir duk suna biyan wannan haraji. Gero kuwa, da dawa, da masara, da rake, da alayyafo, suna da wata dabara: sukan tara kabon dayoksaid su cusa wa rubisko har ya rasa damar yin kuskure. Hal Hatch da Roger Slack ne suka bayyana wannan dabara a Ostareliya a 1966, a kan ganyen rake. Ga amsar tambayarmu ta uku. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gero da dawa suka zama abincin ƙasarmu tun kaka da kakanni, alkama kuwa sai a noman rani a su Kadawa da Kura, da ruwan madatsar Tiga, in hunturu ya kama.

Masana suna neman rage wannan asara. A 2019 wasu a Jami'ar Ilinoi ta Amurka suka gajarta hanyar gyaran a jikin ganyen taba, suka sami ƙarin girma na kusan kashi 40 cikin ɗari a gonar gwaji. Nan kusa da mu ma, a titin Sabo Bakin Zuwo, akwai cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT masu aikin inganta irin wake, gyaɗa, gero da dawa. Ɗalibin da ya riƙe darasin kimiyya da kyau, ba abin mamaki ba ne wata rana ya zama cikin masu irin wannan aiki.

IDAN ƊAKIN YA SAMU MATSALA

Iyaye, wannan sashe naku ne. Ba a san darajar ma'aikaci sai ranar da bai zo ba. Akwai cututtukan gado da suke taɓa feroksisom. Ba su da yawa, amma suna da nauyi.

Mafi tsanani ita ce wadda aka sa wa sunan likitan yara Hans Zellweger, wanda ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1964. A 1973 Sidney Goldfischer ya gano cewa jariran da ke da ita ba a ganin feroksisom a hantarsu da ƙodarsu. Akan haife su jiki saɓule, ba sa iya tsotso, suna jijjiga, hanta ta kumbura, kuma yawanci ba sa wuce shekara ɗaya. Gadonta kamar na sikila ne: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye, sannan kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu. Irin wannan gado ya fi haɗuwa a auren dangi na kusa. Ku sani kuma gwajin jinin sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna ta.

Ta biyu ana kiranta a taƙaice ALD, kuma an gano ƙwayar gadon da ke jawo ta a 1993. A nan ƙofar da dogon kitse yake bi ya shiga feroksisom ce ta lalace, sai kitsen ya taru ya ci rufin jijiyoyi. Ta fi kama yara maza, mai tsananin takan bayyana tsakanin shekara 4 zuwa 10. Yaron da yake karatunsa lafiya sai ya fara mantuwa, rubutunsa ya lalace, ji da gani su ragu, tafiya ta gagara. In an gano da wuri ƙwarai, dashen ɓargo yana iya tsayar da ita. Shi ya sa Jihar Niyok ta Amurka ta fara gwada jarirai tun daga haihuwa a ƙarshen 2013.

Ta uku ita ce wadda likitan ƙasar Nowe Sigvald Refsum ya bayyana a 1946. Mai ita ba ya iya sare kitsen nan mai rassa, sai ya fara da dundumi, daga baya ƙafafu su yi rauni. Ita wannan ana sassauta ta da rage nono da man shanu da naman dabbobi masu tuƙa, bisa shawarar likita. Ga mai lafiya kuwa, ya sha furarsa da nono ba fargaba.

Kada wannan bayani ya tayar wa kowa da hankali. Yawancin jijjiga da raunin jiki a yaranmu daga zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanƙarau, ko shawara, ko wahalar haihuwa, kuma da yawansu suna da magani in an hanzarta. Likita ne kaɗai zai bambance.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA ZUWA GIDA

Na ɗaya, game da rauni. Mutane da yawa suna zaton yawan kumfa alama ce ta ƙwayoyin cuta suna mutuwa. Yanzu kun san ba haka ba ne, naman jikinku ne da kansa yake kare kansa daga ruwan. Likitoci a yau ba sa son a riƙa zuba haidirojin a kan rauni kullum, domin yana ƙona sababbin ƙwayoyin da suke zuwa ɗinke wurin, sai warkewa ta yi jinkiri. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta sosai, a wanke gefensa da sabulu, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. In raunin mai zurfi ne, ko na ƙusa, ko cizon dabba, ko ya fara ruwa, sai asibiti.

Na biyu, game da yara. In jariri ya kasa tsotso, ko yaro ya fara rasa abin da ya riga ya iya, kamar magana ko tafiya ko karatu, kada a tsaya zargin maƙwabta ko kishiya, kada kuma a dake shi a ce wasa ya sa a gaba. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti da wuri. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan bakin titin Zariya, ga kuma asibitin yara na Hasiya Bayero a cikin gari. In an taɓa rasa jarirai fiye da ɗaya da irin alamu guda a gida ko a dangi, a faɗa wa likita, kada a ɓoye. Ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne, gado ne da ba wanda ya zaɓa.

Na uku, ku ɗalibai, ga tambayoyi biyar. Ku rubuta amsa a takarda ku kai wa malamin kimiyya na ajinku.

1. Tantani nawa ne ya kewaye feroksisom, nawa kuma ya kewaye maitokondiriya?
2. Me katales yake mayar da haidirojin feroksaid?
3. Me ya sa dafaffiyar hanta ba ta kumfa?
4. Wane aiki feroksisom yake yi a ƙwayar gyaɗa, wane kuma yake yi a koren ganye?
5. Ku kawo amfanin gona uku masu dabarar kauce wa kuskuren rubisko.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.